Ɗan Siririn Harafin Da Ya Cika Mana Gari



Duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani da aka yi a Islamiyyarmu watan jiya ya ga kyallen fileks ɗin nan da aka ɗaura a bakin ƙofa, shuɗi mai duhu, da hotunan ɗalibai a jere, da farin rubutu dogo siriri a sama. Kyalle ya yi kyau, wannan ba musu. Matasa sun yi ta tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto. Muna tsaye a tsallaken titi muna tarbar mutane sai wani dattijo, cikin waɗanda ba sa rasa sahun farko da asuba, ya dafa mu ya ce, "Liman, wai me aka rubuta a can ne? Ni dai tsinken tsintsiya nake gani a jere." Muka taka da shi har gindin kyallen, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi: BARKA DA ZUWA MANYAN BAKI. Ya juyo ya dube mu. "To, mu ne masu manyan bakin? Ai ko shinkafar ba a sauke ba tukuna." Aka yi dariya, mu ma muka yi, amma tamu ta yaƙe ce.

Abin da ba na dariya ba yana can ƙasan kyallen. An sa lambar asusun makaranta saboda masu son taimakawa a rufa ajin nan biyu da iska ta yaye wa kwano da damina. Wani abokin kasuwancinmu da ya zo daga Mutum Biyu ya ɗauki hoton lambar da wayarsa, da niyyar in ya koma gida ya tura abin da ya sawwaƙa. Sau biyu waya ta ce masa babu wannan asusu, na uku ta fito masa da sunan wani mutum da ba mu taɓa jin sa ba. Ya kasa gane wanne ne 3 wanne ne 8, wanne ne 1 wanne ne 7. Shi da yake ya san mu, sai da ya shigo Jalingo sarin kaya ya kawo mana kuɗin a hannu har rumfa. Waɗanda ba su san kowa ba fa? Wanda ya gwada sau ɗaya ya ga ba ta shiga ba, ya mayar da waya aljihu, shi ke nan.

Kafin a ce muna neman wanda za mu ɗora wa laifi, mu ne aka turo wa samfurin kyallen a waya, mu ne muka duba muka ce ya yi, a buga. A fuskar waya, a tafin hannu, cikin inuwar rumfa, ya yi ɗin kuwa. Yanzu ga shi kwamitin makaranta na shirin ba da aikin allon ƙarfe na dindindin, da allon lokutan salla na masallaci, kuma samfurin da aka kawo da wannan harafin ne dai. Fileks wata biyu ne a kwance shi. Allon ƙarfe kuwa sai ya shekara goma yana kallon mu. Shi ya sa muka ga gara mu zauna mu dubi harafin nan da kyau, kamar yadda mutum ke juya yadi a hasken rana kafin ya sara.

Mun koma shagon da aka buga, muka ce wa yaron da ke kan kwamfuta, "Ɗana, wannan rubutun yana da suna?" Ya ce, "Sosai ma, Baba. Bebas Neue ake ce masa. Shi ake yayi yanzu." Ashe wani Bajapane ne, Ryoichi Tsunekawa, ya zana shi, ya sake shi kyauta a 2010, kowa ya ɗauka a intanet ba ko sisi. Na asalin yana da ɗan jiki. A 2014 wani kamfanin zanen haruffa na ƙasar Bulgeriya mai suna Fontfabric ya fitar da 'yan uwansa sirara, mataki-mataki, har zuwa wanda ya kusa zama zare. Wannan zaren shi ne ya hau kyallenmu. Yana da abokin tafiya, Agency FB, mai kusurwoyi kamar an lanƙwasa waya, wanda yake zuwa tare da Microsoft Office, shi ya sa ba kwamfutar da ba ta da shi. Ku zaga Hammaruwa Way, ku bi Barde Way, ku leƙa fastocin da suka rage a bango tun zaɓen 2023, ku dubi katunan ɗaurin auren da ke cikin aljihunku: in ba wannan ba, to wancan.

Mu faɗi alherinsa tukuna, don yana da shi. Harafi ne mai tsabta. Yana tsaye cak, kafaɗa ɗaya, ba ado, ba jela, ba ƙwalisa. Idan aka rubuta kalma ɗaya da shi, babba, aka bar mata fili dama da hagu, tana da kwarjini irin na dogon mutum cikin farar shadda marar aiki, wanda bai ce komai ba amma kowa ya san ya shigo. Bayan shekarun da muka sha muna kallon allunan da aka cusa wa launi bakwai da inuwa da taurari, ba abin mamaki ba ne ido ya huta a kansa. Matasanmu da suka so shi ba su yi rashin hankali ba. Sun ga yana kama da na kamfanonin waya da na kwalaben turare masu tsada, suna so abin unguwarsu ma ya fito fes. Wannan niyya ce mai kyau.

Sai dai halinsa ne ba su karanta ba. An ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Shi wannan tsayin giginya gare shi, amma na kusa kaɗai ke shan inuwarsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ce, ta zaure, mu kuwa mun ba shi aikin mai shela a tsakiyar kasuwa.

Abu biyu ne suka haɗu a jikinsa, kuma ya kamata a raba su, don mutane kan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko matsi, wato harafin ba shi da faɗi. Na biyu sirantaka, wato zanen da aka ja shi da shi ba shi da kauri. Matsi shi kaɗai ba aibu ba ne. Ku dubi lambar motar da ke gabanku, mai JAL a jiki: haruffanta a matse suke don su shiga farantin, amma zanensu da kauri, shuɗi ko ja a kan fari, ɗan sanda na karanta ta mota na tafiya. Haruffa matsattsu sun daɗe a duniya; masu buga jaridu da fastoci a Ingila da Amurka tun ƙarni na 19 suke neman su, don kanun labari ya shiga layi ɗaya. Ɗaya daga cikin kakannin wannan na yanzu, Alternate Gothic, a 1903 Morris Fuller Benton ya zana shi a Amurka, kuma da jikinsa. Duk da haka matsin ma yana da iyaka. Hukumar hanyoyin Amurka ta tsara haruffan allunan titi a 1948 jeri-jeri, daga A zuwa F, A ya fi kowanne matsi, F ya fi kowanne faɗi. Daga baya sai suka ajiye jerin A gaba ɗaya. Direba ba ya da lokacin tsayawa ya gyara tabarau. To, in matsi da kauri ma an kai inda aka ce ya isa, ina ga matsi da rama a haɗe?

Mu da muka fara da allo kafin mu shiga Islamiyya ba sai an je Amurka an koya mana wannan ba. Wanda ya taɓa feƙe alƙalami ya san bakin alƙalami shi ke yanke hukuncin girman baƙi. Ba a feƙe shi tsinini a ce za a rubuta babbaƙu da shi. Ibn Muƙla, wazirin nan na Bagadaza da ya rasu a 940 miladiyya, shi ya shahara da tsayar da ma'aunin rubutun Larabci a kan ɗigon alƙalami: tsayin alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa su bi shi. A rubutun nasahu ana koyar da alif a kan ɗigo biyar ko kusa da haka, a sulusi bakwai ko ɗan fiye. Ma'ana, tsayi da kauri tare suke tafiya, kamar raƙumi da akala. Mun ɗauko awon tela muka ɗora a kan kyallen walima: tsayin harafi inci shida, kaurin zanensa da ƙyar ya kai kwatan inci. Alif mai ɗigo ashirin da huɗu ke nan. Da gardi ne ya kawo wa malaminsa irin wannan a allo, da wanke shi za a sa ya yi.

Ku tuna da Alƙur'anin bugun Kano da iyayenmu ke karantawa, da hannun Barno: baƙi cike, mai nauyi, wasali da jan tawada, hamza da rawaya. An yi shi ne don idon da zai karanta a gaban wutar kara ko aci-balbal. Siririn alƙalami ma suna da shi, amma a gefen shafi suke sa shi, wurin hashiya, inda mai karatu zai sunkuya ya duba in yana so. Ba su taɓa rikita aikin biyun ba.

Masu yin allunan shago suna da wani lissafi na kan yatsa, cewa kowane inci ɗaya na tsayin harafi ya ishi mai karatu daga ƙafa goma cikin sauƙi. A wannan lissafin, harafin inci shida ya kamata a karanta shi daga ƙafa sittin, titin gaban makarantarmu kuwa bai kai haka ba. Amma dattijo bai karanta ba. Lissafin ya ɗauka harafin yana da tsoka. Abin da ido ke kamawa daga nesa shi ne kaurin zane da filin da ke cikin harafi, ramin O, cikin D, tagogin B guda biyu. A matse harafi, filin ya tsuke. A rame shi, zanen ya dushe. Daga nan sai O da D su zama ɗaya, 3 da 8 su zama ɗaya, 6 da 8 da 0 su koma 'yan gida guda. Ga shi kuma Bebas Neue ba shi da ƙananan baƙaƙe sam, duka manya ne, tsayi ɗaya. Ku rubuta ILIMI da shi, ko LIMAMIN MASALLACI, ko MUHIMMIN, ku ja baya taku goma. Dangar kara za ku gani. Ƙananan baƙaƙe suna da kai da ƙafa, wani ya hau sama wani ya sauka ƙasa, da wannan ido ke gane siffar kalma tun kafin ya ƙirga haruffanta. Shi kuwa ya aske su duka kwal.

Sannan wanda ya zana shi a Japan bai san ranar Jalingo ba. A watan Maris da Afrilu rana kan cinye tawadar fileks, kuma siririn zane ne ke fara tafiya. Hunturu ya zo ya shafa masa ƙura, farin zare a kan shuɗi ya koma ruwan ƙasa a kan toka. In sitika ce aka yanka aka manna a gilashin shago ko bayan keke napep, siririyar ƙafa ba ta da wurin riƙe gam, wanki biyu ta fara ɗagowa, E ta koma F, sai ka ga sunan shago ya zama wata kalma da ba ta cikin kowane yare. In mai fenti ne zai ja shi da buroshi a kan filasta mai kaushi, hannunsa sai ya yi rawa, don siririn layi ba ya ɓoye kuskure. Tsofaffin masu fentin da ke rubuta kirari a jikin manyan motocin katako sun san abin da suke yi da suke cika harafi su yi masa inuwa. Rubutunsu na hawa Mambila ya sauko, ruwa da laka, ana karanta shi. Har a waya ma bai tsira ba. WhatsApp na rage nauyin hoto kafin ya tura, in sanarwa ta bi hannu huɗu ko biyar, wannan ya ɗauki hoton fuskar waya ya tura wa wancan, siririn rubutu ne ke fara narkewa. Mu kuma da muka haura hamsin mun san yadda ido ke yi: tun daga arba'in ake fara miƙa takarda nesa, ga masu yanar ido a cikinmu ba kaɗan ba. Su ne kuwa masu zuwa jana'iza, su ne masu sa hannu a aljihu in an ce gini.

Mu dawo kan manyan baki, don nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Kwafin wannan harafi da ke cikin kwamfutocin shagunan da muka leƙa ba shi da Ƙ, ba shi da Ɗ, ba shi da Ɓ. In yaro ya danna su, ko dai akwati ya fito, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma gajere mai ƙiba kamar baƙo a layin sojoji. Sai yaro ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya cire ƙugiyar. Shi ke nan baƙi sun zama baki, ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata. Faɗa kuwa ya koma fada, a garin da ke da fadar Sarkin Muri, inda mutum zai so ya san wanne ake gayyatar sa. Waɗannan ƙugiyoyi ba jiya aka ƙago su ba. Tun shekarun 1930 aka tsayar da su a Zariya, zamanin Dokta Rupert East, lokacin da sai an zuba kowane harafi da ƙarfe kafin a buga shi, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su lungu-lungu. Mutanen da suka sha wahalar zuba ƙarfe ba su yar da ƙugiya ba, sai mu da muke da kwamfuta?

Wani zai ce ai kowa ya gane abin da ake nufi. A Kano wataƙila. A nan lamarin dabam ne. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, muna zaune da Fulani da Mumuye da Jukun Kona da sauran makwabta, Hausa ce ke haɗa mu a kasuwa, kuma kowa ya san Hausar titin Jalingo ba ta cika damuwa da bambancin k da ƙ ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan da ita suke tashi. Yaron da bai ji ƙ a bakin abokansa ba, bai gan ta a allon makarantarsa ba, a ina zai same ta? Allon da ke ƙofar makaranta malami ne da ba ya tashi daga aiki, yaro na karanta shi sau biyu a rana shekara shida. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba: Fulatanci ma da ɓ da ɗ ake rubuta shi, makwabtanmu su ma haka wannan harafin ke yi musu ƙwange.

Da muka faɗa wa yaron shagon duk wannan, ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Baba, in faɗi gaskiya ba za ku yi fushi ba?" Muka ce faɗi. Ya ce, "Ku ne kuka kawo mini suna ashirin da uku. Uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo mai jawabi, baƙi na musamman, masu masaukin baƙi. Kowane da Alhaji, da Dokta, da sarautarsa, wani har da ta mahaifinsa. Kuka ce kada a bar kowa, kada na wani ya fi na wani girma, kuma kyallen kada ya wuce ƙafa takwas don kuɗi. To da wane harafi zan zuba su in ba wannan ba?"

Wallahi ba mu da amsa. Fileks da ƙafa ake sayar da shi, mu 'yan kasuwa ne, mun so mu sayi ƙaramin buhu mu zuba kayan babba. Kuma abin dariyar, a can inda ake yin manyan fina-finai ma dalilin ke nan. In kun lura da ƙasan fastar fim ɗin Amurka, akwai wasu layuka na sunaye dogaye sirara waɗanda ba mai karanta su. Masu fastocin fina-finan Hausa ma sun kwaikwaya. Yarjejeniyar da ake yi da 'yan wasa da masu shiryawa kan ce sunan wane kada ya gaza kaso kaza na girman sunan fim ɗin. Girma kuwa da tsayi ake auna shi. Sai masu zane suka ba kowa tsayinsa cif, suka matse faɗin. An cika alkawari a takarda, ba wanda ya ga sunansa. Mu a kasuwa mun san irin wannan mudun, dogo a ido, an buga masa gindi ya shige ciki. Ashe abin da muka auna wa manyan baƙinmu ke nan: kowa an sa sunansa don kada ya yi fushi, kuma ba wanda aka iya karanta nasa.

Akwai kuma wani laifin da ake ɗora wa harafin alhali ba nasa ba ne. Sau da yawa abin da muke gani a gari ba matsattsen harafi na gaskiya ba ne, na yau da kullum ne aka kama gefensa a CorelDRAW aka ja shi ciki don ya shiga wuri. Gane shi ba wuya: ƙafafun da ke tsaye sun rame, na kwance sun riƙe ƙibarsu, O ta yi kamar ƙwan da aka taka. Wanda aka zana shi matsattse tun asali, mai zanen ya daidaita kowace gaɓa. Wanda aka matse da hannu kuwa kamar rigar da tela ya rage wa faɗi bai taɓa wuya ba ne.

To ina ya dace? Inda mai karatu ke tsaye kusa, ba ya sauri, kalmomin kaɗan ne, kuma in bai karanta ba ba abin da zai rasa. A rumfarmu muna sayar da yadi da turare, kuma mun ga kwalbar da aka rubuta wa suna da shi, baƙi a kan fari, kalma ɗaya tsaye a jikin doguwar kwalba: ya zauna daram, kamar don ita aka yi shi. Haka alamar da tela ke ɗinkawa a wuyan riga, in an buga ta da kyau. Haka sunan ango da amarya a katin ɗaurin aure, manya a tsakiya, da fili kewaye da su. Amma rana da lokaci da wurin ɗaurin auren a ba wa harafi mai jiki, don su ne abin da kawu zai nema da ido a cikin mota. Sunan wata a saman kalanda ya dace da shi, ranakun ba su dace ba. Ginshiƙin shago mai tsawo marar faɗi, ko dogon kyallen nan da ake tsayarwa a gefen mumbarin taro a cikin zaure, wurinsa ne, in kalma biyu ce ko uku. A nan ma a ɗan buɗa tsakanin haruffan su sha iska, kuma baƙi a kan fari ya fi fari a kan duhu, don tawadar fili kan ci gefen siririn farin zane. Kada kuma a ɗora shi a kan hoto. Kyallenmu an yi masa duka biyun: fari a kan shuɗi, ƙasan kuma lambar asusu ta ratsa ta kan mayafan ɗalibai.

Lambar asusu goma ce, lambar waya goma sha ɗaya, kuskuren ɗaya ya rushe sauran. Waɗannan, da sanarwar rasuwa da ta addu'a, da lokutan salla, da farashin kaya, da duk abin da ya shafi magani, kada a kusanto da shi. Ba ado ake nema a wurin ba.

Ga abin da za mu kai gaban kwamiti, kuma muna faɗa a nan don wanda ke da ja ya zo da hujjarsa. Allon makaranta ya ɗauki sunan makaranta da Larabci da Hausa, da unguwa, da lambar waya ɗaya, shi ke nan. Sunayen iyayen makaranta a rubuta su a takarda a sa a firam a ofis, inda za a karanta su a zaune. Hausar a yi ta da manya da ƙananan baƙaƙe, da ƙugiyoyinta. In wuri ya ƙi, akwai Noto Sans na kamfanin Google, kyauta ne shi ma, yana da matsattsen zubi mai kauri, kuma yana da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Yaron shagon ya sauke shi muna zaune, ya rubuta Ƙofar Ɗalibai, ga ƙugiyoyi sun fito ras. Ya ce kuma ko a Bebas ɗin ma, in kalma ɗaya ce, zai iya zana ƙugiyar da hannu cikin minti biyar, ba wanda ya taɓa tambayar sa ne kawai. Matasa in suna son ɗan siririn nasu, ga katin walimar baɗi nan, a sa shi a kan kalmar WALIMA, babba, mu ma za mu yaba.

Kuma ba za mu ƙara cewa "ya yi" a kan waya ba. Mun roƙi yaron ya buga mana layi ɗaya na allon a takarda, daidai girman da zai fito, ya ce kuɗin takarda kawai za mu biya. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu manna shi a katangar makaranta, mu tsallaka titi mu tsaya gindin darbejiyar mai shayi. Dattijon nan mai tsinken tsintsiya ya yarda zai zo ya karanta mana, ya ce amma da sharaɗin wannan karon a sauke shinkafar tukuna.